Khir: Abincin Albishir Da Na Koyo A Birnin Delhi

A wannan watan ina so in ba ku labarin wata tafiya da na yi zuwa birnin Delhi na ƙasar Indiya, da kuma wani abinci da na koyo a can wanda suke kira khir. Shinkafa ce kawai da madara da sukari, amma tun da na dawo ba a taɓa yin wani abin farin ciki a gidana ba face na ɗora tukunyarsa. In kun biyo ni sannu a hankali za ku ji dalili.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. A watan Mayu na shekarar 2019, azumi yana da kwana goma, na raka Hajiyarmu asibiti. Likitoci sun ga wani ƙari a cikinta, suka ce sai an yi aiki an cire shi, sannan a auna a gani ko mai yaɗuwa ne. Muka tashi daga Kano, muka ya da zango a Adis Ababa, muka sauka Delhi da safe. Ina fitowa daga filin jirgin na ji wani hucin iska ya dake ni kamar an buɗe murfin tanda. A wannan lokacin na shekara akwai ranakun da ma'aunin zafi kan haura 45 a birnin, ga shi agogonsu ya riga namu da awa huɗu da rabi, har sai da na yi kwana uku ina rikita lokacin sahur.

Mun kama ɗaki a unguwar Okhla da ke kudancin birnin, wadda Musulmi suke da yawa a cikinta, kusa da jami'ar Jamia Millia Islamia. Mai gidan wata dattijuwa ce da mijinta ya rasu, kowa a layin Khala yake ce mata, wato inna, 'yar'uwar mahaifiya. Ni kuma tun ranar farko ta sa mini "beti", ma'ana 'yata. Ba ta jin Turanci, ni kuwa ɗan Indiyancin da na tsinta a fina-finai bai wuce gaisuwa da godiya ba, don haka jikarta mai karatu a jami'a ita ce tafintarmu.

An yi aikin lafiya, bayan kwana biyar aka sallamo mu, aka ce mu jira sakamakon awo nan da kwana goma ko fiye. To, 'yan'uwa, duk wadda ta taɓa jinya ta san jiran sakamako ya fi aikin kansa wuya. Abin da ya ƙara tayar mini da hankali shi ne Hajiya ta daina cin abinci. Duk abin da na kawo sai ta kawar da kai, ta ce ƙamshin kayan yajinsu yana tayar mata da zuciya. Ba abin da take ambato sai kunun gyaɗa. Ina kallo tana ramewa, likita kuma yana ta jaddada mini cewa ciwon ba zai warke da wuri ba in ba ta ci.

Wata rana bayan tarawi Khala ta same ni a bakin matakala ina share hawaye. Ta zauna kusa da ni, ta kira jikarta ta ce ta gaya mini in shirya, gobe za mu shiga tsohon gari mu sayo kayan khir. Na ce, "Khala, wane irin khir kuma, alhali ba mu san abin da takardar asibiti za ta ce ba?" Ta ce a al'adarsu idan albishir ya zo, abu na farko shi ne a zaƙaƙa bakin jama'a, kuma ba ta son albishir ya same ta ba shiri. Ta ce, "Beti, kayan ƙamshi ba sa lalacewa. Ki kyautata wa Allah zato, mu je kasuwa."

Kasuwar Khari Baoli

Washegari bayan azahar muka bar Hajiya a hannun surukar Khala, muka hau jirgin ƙasan cikin gari da suke kira Metro. Abin da ya burge ni shi ne akwai tarago guda da aka keɓe wa mata zalla, ba cunkoso da maza. Ba mu cika awa ɗaya ba muka sauka a tashar Lal Kila, gaban jan ganuwar fadar da Sarki Shah Jahan ya gama ginawa a 1648. Shi ne sarkin nan da ya gina Taj Mahal a garin Agra. Daga ƙofar fadar wani titi ya miƙe sak zuwa yamma, sunansa Chandni Chowk, wanda 'yarsa Jahanara ta tsara. A ƙarshen titin akwai masallacin Fatehpuri, wanda ɗaya daga cikin matan sarkin ta gina a 1650. Sai na ce a raina, ashe mata sun daɗe da sa hannu a ginin wannan birni.

Muka hau keken da mutum ke tuƙawa da ƙafa har gindin masallacin, inda kasuwar Khari Baoli ta fara. Sunan yana nufin rijiya mai ruwan zartsi, kuma tun zamanin waɗancan sarakuna ake cinikin kayan ƙamshi a wurin. Tun kafin mu shiga na fara atishawa saboda ƙurar barkono. 'Yan dako suna ta wucewa da buhuna a ka da kuma a amalanke, shaguna kuma a jere, kowanne da tsibin busassun 'ya'yan itace da kayan yaji.

Khala ba ta yi garaje ba. Ta fara da ilaichi, wato ɗan koren kwanson nan da masu zuwa Umara suka sani da hel, wanda Larabawa ke sawa a gahawa. Ta ɓare guda ta nuna mini 'ya'yan ciki: in baƙaƙe ne masu danƙo to sabo ne, in sun yi fari-fari sun bushe to ƙamshin ya tafi. Daga duwatsun jihar Kerala da ke can kudu ake kawo shi. Sai za'afaran, wanda ake nomawa a Pampore ta yankin Kashmir. Kowace fure zare uku kacal take bayarwa, da hannu ake tsinka, kuma sai an tara fure wajen 150 kafin a samu giram ɗaya, shi ya sa yake da tsada kuma ake yawan algus a cikinsa. Khala ta sa mai shagon ya jefa zare biyu a ruwa. Ta ce na gaskiya a hankali yake sakin launin ɗorawa kuma zaren ba ya koɗewa, na jabu kuwa nan take yake rina ruwan da ja.

Muka sayi badam, wato lauz, da pista, da yazawa, da zabibi, da kwalbar ruwan wardi. Da muka zo kan shinkafa sai na miƙa hannu ga basmati mai dogon ƙwaya, wadda ta fi kowacce tsada. Khala ta buge mini hannu tana dariya, ta ce wannan ta biriyani ce, inda ake son kowace ƙwaya ta tsaya daban. Shi khir karyayyiyar basmati yake so, domin ita ce ke narkewa ta ba madara kauri, ga ta da araha, ƙamshin kuma ɗaya ne.

Buɗa-baki a Jama Masjid

La'asar sakaliya muka nufi Jama Masjid, babban masallacin da Shah Jahan ya gina daga 1650 zuwa 1656. A kan tudu yake, sai an hau matakala masu yawa kafin a kai ƙofa. Da jan dutse aka gina shi, yana da ƙubba uku na farin marmara da hasumiya biyu masu tsawon kimanin mita 40, farfajiyarsa kuma tana ɗaukar mutum wajen 25,000. Limaminsa na farko daga Bukhara aka ɗauko shi, kuma zuriyarsa ce ta ci gaba da riƙe limancin.

Muka tarar farfajiyar ta cika da iyalai, kowa ya shimfiɗa ledarsa, an jera dabino da kankana da soyayyun abubuwa. Dutsen ƙasa yana da zafi har lokacin, sai da muka ninka shimfiɗa. Wata mata da ba ta san mu ba ta miƙo mana kofin wani jan lemo mai ƙamshin wardi, ta yi mana alama da mu ajiye har a sha ruwa. Da rana ta faɗi sai muka ji ƙarar wani abu kamar bindiga, fitilun hasumiya suka kama, ladan ya ɗaga murya. Duk wannan taro ya yi tsit na ɗan lokaci. A nan na roƙa wa Hajiya lafiya, na kuma ji wani sanyi a zuciyata da rabona da shi tun daga gida.

Bayan magariba muka sauka ta ƙofar kudu muka shiga Matia Mahal, wani matsattsen layi da ba a sayar da komai sai abinci. Hayaƙin tsire ya turnuƙe, ga tulin siririyar taliya ta Sallah an jibge a gaban shaguna kamar dammunan ciyawa. Wasu masu shago suna zaune gaban faffaɗan kaskon ƙarfe suna juya madara tana ƙonewa a hankali. A wani shago na ga an jera ƙananan kasake na yumɓu, an kife su biyu-biyu an ɗaure da zare. Khala ta ce wannan shi ne firni, ƙanin khir. Bambancinsu shi ne khir da ƙwayar shinkafa ake yi kuma ana sha da ɗumi ko da sanyi, firni kuwa sai an barza shinkafar ta zama tsaki, a zuba a kasko ya daskare, a ci da sanyi. Yumɓun yana tsotse ruwan da ya rage, ya kuma ba shi wani ƙamshi irin na sabuwar randa. A samansa an shimfiɗa wani ɗan farin abu mai ƙyalli, ashe azurfa ce da ake bugawa har ta fi takarda laushi, suna kiranta warak, kuma ana cinye ta tare.

Na sayi kasko huɗu na riƙo su a hannu kamar ƙwai har gida. Na buɗe wa Hajiya ɗaya ba tare da na sa rai ba. Ta sansana, ta ɗebi rabin cokali, ta yi shiru. Can sai ta ce, "Wannan ai ɗan'uwan kunun gyaɗa ne, sai dai shi ya yi boko." Ta cinye kaskon tas, har tana kankare gefe. Wannan ne abinci na farko da ta gama tun da aka yi mata aiki.

Tukunyar da na ƙona

Da na ga haka sai na ce lallai in koya. Da safe na sayo madara lita biyu a shagon bakin layi. Madararsu a leda take zuwa, kuma wadda suke kira cikakkiya tana da maiƙo kashi 6 cikin 100, ta fi ta saniya kauri, domin kaso mai yawa na madarar ƙasar daga wata baƙar dabba mai kama da ɓauna ake tatsa, wadda suke kiwo a gida. Indiya ce kan gaba a duniya wajen samar da madara tun wajen 1998, sakamakon wani shiri da aka fara a 1970 ƙarƙashin Verghese Kurien, wanda ya haɗa ƙananan masu kiwo na ƙauyuka cikin ƙungiyoyin gama-kai, mata da yawa a cikinsu.

Khala ta nuna mini yadda zan fara, ta tafi sallar walaha. Ni kuwa wayata tana hannuna, ina jiran kiran asibiti, 'yan'uwa daga gida suna ta aiko da saƙon tambaya. Na ce bari in ƙara wuta don a gama da wuri, na juya baya ina amsa saƙon yayana. Ban fi minti biyar ba na ji ƙauri. Na ruga na hau kankare gindin tukunyar da ludayi, ashe nan na ƙarasa ɓata ta, domin baƙin ƙanzon ya bi madarar gaba ɗaya.

Khala ta shigo ta tarar da ni tsaye ina kuka a kan madara lita biyu, ita ma ta san ba madarar nake yi wa kuka ba. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce in madara ta kama, kada a taɓa gindin, a yi maza a juye ta sama a wata tukunyar. Sannan ta karɓi wayar daga hannuna ta ɗora a kan firji, ta ce, "Beti, takardar likita ba za ta zo da wuri don kin ƙura wa waya ido ba. Tukunya kuwa tana ƙonewa in kin ɗauke ido. Ki tsaya a kan wadda tsayuwarki ke da amfani a kanta."

Daga ranar kullum bayan la'asar nakan ɗora lita ɗaya, in tsaya ina juyawa ina tasbihi har kusan awa guda. A duk kwanakin jiran nan, wannan ce sa'ar da zuciyata ke hutawa. Da yake muna azumi ba mai ɗanɗanawa, Khala da ido take gane ya yi: takan tsoma ludayi ta ja yatsa a bayansa, in layin ya tsaya bai haɗe ba to ya nuna. Hajiya da ba ta azumi ita ce alƙaliyar sukari.

Abinci ɗaya, suna da yawa

Ma'aikaciyar jinyar da ke zuwa wanke wa Hajiya ciwo Kirista ce 'yar Kerala. Da ta ga abin da nake dafawa sai ta ce su payasam suke kiransa, kuma a bikinsu na girbi mai suna Onam a kan ganyen ayaba ake zuba abinci, payasam ne ke rufe walimar, wani da madarar shanu, wani da madarar kwakwa da mazarƙwaila. Maƙwabciyar Khala kuma, wata mai bin addinin Hindu 'yar Bengal, ta ce su payesh suke cewa. Shi ne abin da ake fara sa wa jariri a baki idan ya kai wata shida ko fiye, shi ne kuma uwa ke dafa wa ɗanta duk ranar da shekararsa ta zagayo. Da sanyi sukan yi shi da mazarƙwailar da ake samu daga ruwan itacen dabino.

Khala ta ce su ma Musulmin arewacin Indiya suna da bikin da ake lasa wa jariri khir a karon farko, kuma a gidaje da yawa abin zaƙi ne girkin farko da amarya ke yi a gidan miji, dattawa su ci su ba ta tukwici. Jikarta ta ƙara da cewa kalmar khir daga kshira ta samo asali, wato madara a tsohon harshensu na Sanskrit. A littafin Ain-i-Akbari, wanda Abul Fazl ya rubuta kan mulkin Sarki Akbar, kakan Shah Jahan, an kawo wannan abinci cikin girke-girken fada da sunan shir birinj: awo goma na madara, awo ɗaya na shinkafa, awo ɗaya na sukari, da ɗan gishiri. Ko kalmar sukari da muke faɗa, mun aro ta daga Larabci, Larabawa sun karɓa daga Farisa, asalinta kuma sharkara ce ta Sanskrit.

Ranar albishir

Saura kwana biyu Sallah aka kira mu asibiti. Likitan ya daɗe yana duba takardar, ni kuwa ina jin bugun zuciyata har cikin kunne. Ya ɗago ya ce ƙarin ba mai yaɗuwa ba ne, an cire shi duka, sai dai a riƙa zuwa awo lokaci-lokaci. Ban san sadda na yi sujada a kan tayil ɗin ofishinsa ba. Da muka dawo gida, kafin in buɗe baki Khala ta karanta a fuskata. Ta rungume Hajiya, tsofaffi biyu da ba sa jin yaren juna suna ta kuka suna hamdala. Sai ta juyo ta ce mini, "Za'afaran ɗin nan da muka ajiye, lokacinsa ya yi."

A gida an yi Sallah ranar Talata 4 ga Yuni, mu a Delhi sai Laraba 5 ga wata. Daren da aka ga wata suna kiransa Chand Raat, mata na fita sayen awarwaro da yin lalle har tsakar dare. Mu kuwa a kicin muka raba dare a kan madara lita biyar. Ga yadda ake yi, uwargida, na rage shi zuwa lita ɗaya, wadda za ta ishi mutum huɗu.

Ki tanadi madara mai maiƙo lita 1, karyayyiyar shinkafa giram 50 (rubu'in kofi), sukari giram 80 zuwa 100, ilaichi 4, za'afaran zare 10 in da hali, lauz ko yazawa da zabibi cikin tafin hannu, da ruwan wardi ƙaramin cokali. In ba ki da ɗanyar madara, ki dama ta gari mai maiƙo da ɗan kauri har ta cika lita.

Ki wanke shinkafar ki jiƙa ta minti 30, ki tsane, ki ɗan murtsuke ta da yatsu. Ki samu tukunya mai kaurin gindi, ki shafe cikinta da man shanu kaɗan. Ki zuba madarar ta tafasa, ki ɗebi cokali biyu ki jiƙa za'afaran a gefe. Sai ki zuba shinkafar, ki rage wuta sosai, kada ki rufe. Ki riƙa juyawa duk bayan minti biyu ko uku, ludayin yana taɓa gindin tukunya, kina kankaro yanar da ke manne a gefe kina mayarwa ciki, domin a nan daɗin yake. Bayan minti 40 zuwa awa ɗaya madarar za ta koma kusan rabi, launinta ya ɗan sirka, shinkafar kuma ta murƙushe tsakanin yatsu biyu.

Sai a lokacin za ki zuba sukari. In kika sa shi da wuri shinkafar ba za ta yi laushi yadda ake so ba, kuma tukunyar za ta fi saurin kamawa. Ki daka 'ya'yan ilaichi ki zuba tare da za'afaran da yankakken lauz, ki ba shi minti biyar, ki sauke, sannan ki sa ruwan wardi da zabibi. Ki sauke shi da ɗan ruwa-ruwa, domin yana ƙara kauri in ya huce. In da mazarƙwaila za ki yi, ki narkar da ita daban ki tace, kada ki haɗa sai kin sauke tukunyar ta sha iska, in ba haka ba madarar za ta tsinke. In firni kike so, ki barza jiƙaƙƙiyar shinkafar ta zama tsaki, ki dama da madara mai sanyi kafin ki zuba a mai zafi don kada ya yi gudaji, kada kuma ki daina juyawa, minti 20 zuwa 25 ya isa. Sababbin kasake a jiƙa su a ruwa tukuna kafin a zuba.

Abu ɗaya da zan ja kunnenki a kai: shinkafa da madara ba sa jure zafi. Da ya huce ki sa a firji, ki kuma cinye cikin kwana biyu. In wuta ba ta da tabbas, ki dafa daidai wanda za a shanye a ranar.

Sallah mai zaƙi

Ƙaramar Sallah a can Mithi Id suke ce mata, wato Sallah mai zaƙi. Da asuba kowane gida na dafa shir khurma, siririyar taliya da aka soya da man shanu aka dafa cikin madara da dabino. Mu kuma muka jera kwanoni sama da ashirin na khir a faranti. Jikokin Khala suka yi ta kai wa maƙwabta, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, suna cewa na baƙuwar Khala ne 'yar Najeriya, Allah Ya ba mahaifiyarta lafiya. Ba kwanon da ya dawo wayam. Matar nan 'yar Bengal da kanta ta zo, ta riƙe hannun Hajiya ta daɗe tana magana da yarenta, Hajiya na amsa mata da "amin, amin, na gode".

Hajiya ta sa atamfarta ta Sallah, ta zauna a tsakar gida da kwanonta. Ta ɗanɗana ta dube ni ta ce, "Yau kam kin iya." Khala ta tambayi abin da ta ce, da aka fassara mata sai ta girgiza kai ta ce da saura, ilaichin ya ɗan yi yawa.

Bayan mako biyu muka yi haramar gida. Ranar tafiya Khala ta ƙulle mini sauran za'afaran a gefen mayafina, ta ba ni ludayin katakon da na koya da shi. Har yau yana kicin ɗina. Da shi na dafa khir ranar da babbar 'yata ta sauke Alƙur'ani, da ranar sunan ɗan ƙanwata, da kuma duk lokacin da Hajiya ta dawo daga awo aka ce lafiya lau. Kuma duk ranar da zan ɗora tukunyar, sai na fara ajiye wayata a kan firji.

'Yar'uwa, ki gwada a Sallar nan mai zuwa ko ranar wani abin arziki a gidanki, ki zaɓi lokacin da ba ki da gaggawa, kada kuma ki manta da kwanon maƙwabta. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya saka wa duk wanda ya taɓa riƙe baƙo da alheri, Ya sa mu riƙa jin albishir a gidajenmu, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.